Makon da Muka Yi da Baba a Gonar Dawaki

Shekarun baya, tun gemuna bai fara haɗa fari ba, na taɓa ɗaukar mahaifina na kai shi hutu wata gonar dawaki a ƙasar Ngaski, can bayan Wara ta wajen bakin ruwa. Ban cika ba da labarin ba, don ba wani abin a-zo-a-gani ne ya faru ba. Jiya ne wani a dandalin nan ya sa hoton doki yana tambaya ko akwai wanda ya taɓa kwana a irin waɗannan wurare, sai abin ya dawo mini.

Baba direban babbar mota ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana lodin busasshen kifi da albasa daga Yauri zuwa kudu, ya dawo da goro da manja. Mutum ne mai faɗa da dariya, in ya shigo unguwa ba sai an gaya maka ba. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Aka yi jinya, Allah ya sa bakinsa ya dawo daidai, amma hannun hagu ya ƙi, ƙafar hagu kuwa jan ta yake yi. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Baba ya shige ɗaki ya zauna. Masallacin ƙofar gida ma ya daina fita. In abokansa na tasha suka zo gaishe shi, sai ya ce a ce musu yana barci, alhali suna jin rediyonsa daga zaure. Mahaifiyata, da muke kira Inna, ta yi lallashi, ta yi fushi, daga baya ta koma kai abinci kawai tana ɗauko kwano.

Wani abokina da muke aiki ofis ɗaya shi ya kawo maganar gonar. Ta gwaggonsa ce. Mijinta ne mai son dawaki, da ya rasu ta ƙi sayar da su, ta gyara ɗakuna a tsohon gidan tana saukar da baƙi, yawanci ma'aikata da suka gaji da gari. Ya ce iskar wurin kaɗai magani ce. Na san Baba ba zai yarda ba, amma na gwada. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko wani gidan dutse ne a kan tudu. Na ce haka aka ce. Ya ce a haɗa masa jaka.

Na fito ɗakin ina jin kaina, har na ce wa Inna ai magana iyawa ce. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Farkon damina ne, lokacin da ruwan dam, wato gulbin da aka tare, ke janyewa. Daga Wara muka saki kwalta muka bi hanyar burji, motar tana tangaɗi, Baba na gaba yana gyara mini tuƙi da baki. Rabon da ya yi magana mai tsawo haka tun kafin ciwon.

Gidan ya fi yadda aka kwatanta mini tsufa. Ginin dutse ne mai kaurin bango, tun zamanin Turawa, wai akawun wani kamfanin sayen gyaɗa da ƙwaran kaɗe ne ya zauna ciki. Da yake a kan tudu yake, da aka tare gulbi ruwa bai kai gare shi ba. Kwanon rufin ya yi ja da tsatsa. Baranda ta zagaye shi, ta gaba kuwa doguwa ce, ta kai ƙugun mutum, don nan ake jingina amalanke a yi lodin buhuna a da. Har lokacin akwai ƙugiyar ƙarfe a jikin azara inda ake rataye sikeli. Ciki sanyi kamar randa, ga warin tsohon katako, ga jemagu a saman silin. Wutar sola ce, waya kuwa ba ta kamawa sai ka je gindin wata tsamiya a bayan gida.

Gwaggon abokina gajeruwar mace ce mai tabarau da igiya a wuya, tsohuwar ungozomar asibiti. Kirista ce. Kafin mu tambaya ta riga ta aje mana buta da tabarma, ta nuna mana alƙibla ta ce mu dubi ƙofar barga ba za mu ɓata ba. Da ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, na Baba daban ne, ba gishiri sosai, ba tare da kowa ya gaya mata ba. Baba ya ɗanɗana, ya ce ashe nan ma labari ya iso.

Dawakin ba su da yawa. Akwai ingarma ɗaya baƙi da ba a barin baƙo ya matsa kusa da shi, da goɗiyoyi, da wani dukushi mai ƙafafu kamar sanduna. Mai kula da su wani magidanci ne Bakambare, mai ƙarancin magana, wanda kowa ke kira mai barga. Da la'asar yakan hura ɗanyen ganye ya cika bargar da hayaƙi saboda ƙudan tsando. Ranar farko na je na tsaya da wayata zan ɗauki hoto irin na waɗanda suka saba da dawaki, wata goɗiya ta yi atishawa a wuyana, wayar ta faɗa cikin dusa. Daga nan na yanke shawarar cewa ni jinya na zo, ba hawa ba.

Jinyar kuwa na yi ta da gaske. Na zo da na'urar awon jini, safe da rana da yamma sai na ɗaura masa. Yakan miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, kamar yana miƙa wa ɗan sanda takardun mota. In ba haka ba, yana zaune a baranda ya fuskanci yamma, inda ake hango ruwa can nesa kamar an shimfiɗa farin kwano. Ni na ɗauka ci gaba ne, tunda dai ba ɗaki ba ne.

Wata safiya mai barga yana wucewa da ƙunshin harawa, Baba ya tsayar da shi. Ya tambaye shi ko har yanzu akwai hanyar da ta bi ta bayan gonar ta ɓulle kan wani dutse mai shiga cikin ruwa. Mai barga ya ce tana nan. Mota fa? Ya ce mota ba ta shiga. Babur? Ya ce fadama ta jiƙe, masu lafiya ma tura shi suke yi. A ƙafa kuma da ɗan nisa. Doki dai yana zuwa.

Baba ya ce to, gobe a ɗaura wa ɗaya sirdi.

Na yi dariya, don na zaci ba'a ce. Da na ga fuskarsa sai na daina. Na shiga jero masa dalilai: hannu ɗaya gare shi, bai taɓa hawan doki ba, jininsa bai daidaita ba, asibiti da nisa. Na ce in ya faɗo daga can sama mi zan gaya wa Inna. Ya bar ni na gama.

"Likita ya ce in motsa," in ji shi.

"Ba irin wanga motsin ba, Baba."

"Kai, tsaya in tambaye ka. Hutu ka kawo ni ko ajiya?"

Na shiga naɗe igiyar na'ura. Can ya fara magana, ba da ni yake ba sosai, yana kallon ruwan. Ya ce a wani gungu aka haife shi, wato tsibiri, daidai gaban dutsen nan. Na san dai asalinmu Gungawa ne, amma kalma ce kawai a wurina, kamar sunan da ke jikin katin shaida. Ya ce yana ƙarami mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa, can aka rufe ta. Bai jima da wayo ba aka ce ruwa na zuwa, aka kwashe su zuwa sababbin gidaje. Wannan gidan dutse da muke zaune, ya sha hango shi daga kwalekwale in ya rako mahaifinsa kawo gyaɗa. Ya ce ya tuƙa mota har inda ba a jin Hausa, amma wannan ɗan wurin bai taɓa dawowa ba. Kullum yana cewa in ya sauke lodin nan. Ya ɗaga hannun da ya mutu da mai lafiyar, ya aje shi kan cinya, ya ce to ga shi ya sauke.

A nan na gane ba iya maganata ba ce ta fito da shi daga ɗaki.

Duk da haka ban yarda ba. Na je neman mai goya mini baya. Gwaggo na bayan gida tana fere kifi. Na zayyana mata komai, ina sa ran tsohuwar ma'aikaciyar lafiya za ta ce ba a gidanta ba. Ta ce haɗarin da nake gani gaskiya ne, ba za ta ce mini babu ba. Ta ce amma akwai jar goɗiya mai sanyin hali, ita da kanta take hawa in gwiwa ta dame ta. Na ce to mi ta gani? Ta ɗauraye wuƙa, ta ce, "Ubanka ne, ɗana. Amma jikin nashi ne."

Na wuce gindin tsamiya na kira Inna. Na tabbata ita kam za ta ce mu kamo hanya yau. Sai ta ce tun da aka yi aurensu sau ɗaya ya taɓa yi mata zancen uwarsa. Na ce to ya zan yi? Ta ce in ya faɗi ni zan ɗauko shi, in kuma na hana shi ni zan zauna da shi, in zaɓi wanda zan iya. Ta ce in gaishe da Gwaggo, ta kashe.

Da la'asar muka ce a gwada a tsakar gida tukuna. Mai barga ya jawo jar goɗiyar, muka yi yadda ake yi wa kowa: a sa ƙafa a likkafa, a ɗaga mutum. Ƙafar ta ƙi zama. Muka cicciɓe shi, ya kai rabi, sai ya zamo. Ya rataya a wuyana, hularsa ta faɗi, zariyar wandonsa ta kwance. Gwaggo da ke tsaye a baranda ta juya ta shiga ciki kamar ta tuna tukunya. Baba ya ture ni da hannu mai lafiya, ya ce in daina riƙe shi kamar buhun albasa. Ya ja ƙafarsa ya shige ɗaki. Ranar bai ci tuwo ba.

Ni kam raina ya yi sanyi. Na ce shi ke nan, an gwada, abin ya ƙi da kansa, ba wanda zai ce ni na hana.

Da na idar da sallar asuba na ɗan koma barci, da na farka gadonsa ba kowa. Na same su a doguwar barandar nan shi da mai barga, ga goɗiyar an jingina ta da bakin dakalin kamar motar da ta yi ribas za a yi mata lodi. Baba na ba da umarni. Ya ce jiya shirme muka yi, kaya mai nauyi ba daga ƙasa ake jefa shi ba, daga dakali ake turo shi. Zai zauna kan sirdi a kaikaice tukuna, kamar mai zama a bayan mota, sannan ya ɗaga ƙafa mai lafiya da kansa ya tsallakar da ita ta kan wuyan dokin. Aikina in tsaya ta hagu in tare. Haka aka yi, kuma ya zauna daram. Ya ce a ɗaure masa ƙafar hagu a likkafa, mai barga ya ce a'a, in doki ya firgita gara mutum ya faɗo da a ja shi. Wannan kaɗai ce gardamar da na ji mai barga ya yi duk zamanmu. Aka shirya ni zan bi ta hagu ina riƙe da gwiwar.

Mai barga ya tambaye ni, da ladabi, ko a ɗaura mini nawa sirdin don dawowa. Na ce ai aikina a ƙasa yake.

Muka fita rana ba ta yi zafi ba. Mai barga na gaba da ragama, Baba na sama ya damƙe kan sirdi, ni ina gefe da takalmin ofis. Hanyar ta ratsa gonakin gero da masara da ba su wuce ƙwauri ba. Mutane na noma, suna ɗagowa suna gaisuwa. Mutumin da ya yi watanni yana ɓuya wa abokansa, sai ga shi yana amsawa da ƙarfi, yana tambayar ya ruwa, ya aiki, har yana ba wani shawara kan shanun huɗarsa. Daga ƙasa ba mai gane akwai abin da ya same shi. Wani dattijo kawai suke gani a kan doki da ɗan rakiya mai haki.

Da muka gangara fadama labari ya canja. Laka ta cinye mini takalmi ɗaya, na bar mata. Akwai wata 'yar ƙorama da za a tsallaka, ba ta da faɗi, amma bakinta santsi. Goɗiyar ta sa ƙafar gaba, ƙasa ta zame, ta yi wani ɗan tsalle don ta tsira. Baba ya karkato ta hagu gaba ɗaya. Nauyinsa duka ya sauko a kafaɗata, na nutse har gwiwa, kansa na dab da nawa ina jin numfashinsa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Mai barga ya danne wuyan goɗiyar yana yi mata magana da harshensu, sannan ya miƙo hannu ɗaya ya kamo rigar Baba ta baya, muka mai da shi kan sirdi.

Fuskarsa ta yi fari. Na ce mu juya, ya isa haka. Ya ce gaba ta fi kusa. Na dubi mai barga don ya ƙaryata shi, shi kuwa ya dubi goɗiya, ya ja ragama. A dawowa ne na gane ko rabi ba mu yi ba a lokacin.

Dutsen wani faffaɗan fa ne da ya miƙe cikin ruwa. Daga kansa ba abin da ake gani sai ruwa, ja-ja saboda sabuwar damina, da kututturan matattun itatuwa jefi-jefi, da kwalekwale nan da can. Baba ya daɗe yana kallo. Ya saki sirdi ya nuna wani wuri, ya ce nan ne, akwai wata kuka. Hannun ya ɗan matsa dama. Ya sake matsawa. Sannan ya sauke shi.

A gefen dutsen akwai masunta biyu suna gyaran koma. Baba ya yi musu sallama, sai na ji ya juya harshe zuwa Gunganci. Ni iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa da wannan harshe shi ne zagi in taya ta fashe. Ga shi yana zuba shi, yana tuntuɓe, suna gyara masa, suna dariya. Na tsaya riƙe da gwiwar ubana ban san mi yake cewa ba. Daga baya ya fassara mini a taƙaice. Dukansu bayan zuwan ruwa aka haife su. Sun san sunan gungun. Ɗaya ya ce mahaifinsa ya nuna masa, yana can ta arewa inda ragarsu ke yawan maƙalewa. Ɗayan ya ce sam, can kudu ne, daidai wani kututture mai reshe biyu. Suka shiga musu tsakaninsu, kowa na rantsuwa. Tsakanin wuraren biyu kuwa tafiya ce mai ɗan dama.

Na zaci nan zai karaya. An sha wannan wahala, an kusa karya wuya, kuma ba a ma san inda ake nema ba. Baba ya saurari musun har ya lafa, sannan ya ce wa mai barga ya sauka da mu bakin ruwa, ya fara daga inda na farko ya nuna, ya ja goɗiyar a hankali har inda na biyu ya nuna.

"In uwata ba ta nan, tana can," ya ce. "Duk a haɗa."

Ya ɗaga hannunsa ɗaya ya fara addu'a. Da yake ya saki sirdi, sai na rungume shi ta ƙugu ina tafiya a kaikaice, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Yana yi a hankali, da Larabci, da Hausa, wani wurin da Gunganci. Ya roƙa wa uwarsa, ya roƙa wa jaririn da aka rufe tare da ita, wanda sai ranar na san da shi. Ya ambaci wasu sunaye da ban taɓa ji ba. Ni ina cewa amin a jikin rigarsa. Masuntan suka aje koma suka biyo mu daga baya, su ma suna amin. Mai barga ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Da muka kai daidai kututturen ya shafa, ya ce to, mu koma. Masuntan suka ɗaure masa kifi biyu a jikin sirdi, ya ƙi, suka ƙi.

Dawowa ta fi wuya. Rana ta buɗe, kan Baba na rangaji. A ƙoramar muka sauke shi, ni da mai barga muka tsallakar da shi a hannu, bai ma yi gardama ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Da muka iso gida sai da Gwaggo ta sa hannu kafin muka kai shi gado. Na ɗaura na'ura, abin da ta nuna bai yi mini daɗi ba. Na zauna bakin gado ina lissafin nisan hanyar burjin da muka biyo, ina tsara yadda zan faɗa wa Inna da ƙannena. Gwaggo ta duba idonsa, ta sa shi ya matse mata yatsa, ta sa ya faɗi sunan garinsu. Ta ce gajiya ce, amma in juya motar ta fuskanci hanya, in bar makulli a jiki. Ta dafa ruwa ta gasa masa ƙafafu, ta shafa man kaɗe. Zuwa yamma jinin ya fara sauka. Ya farka ya tambayi kifinsa.

Kwana biyu bai iya tashi ba don ciwon cinya. Sauran kwanakin a barga ya yi su, zaune kan turmi cikin hayaƙi, yana musu da mai barga kan wanda ya fi wahalar riƙo tsakanin doki da mota. Baba ke yin musun duka, ɓangare biyu, mai barga na gyaɗa kai. Ranar Lahadi da za mu tafi, Gwaggo ta fito da shirin coci, ta ce za ta sa shi a addu'a. Ya ce, "Ki sa ni, Malama. Ta ko'ina ina so."

Zan so in ce muku daga nan ya warke, amma ba haka aka yi ba. Hannun bai dawo ba, ƙafar ma haka. Ya dai fara fita masallaci, wata rana ya je, wata rana ya ƙi. Abokansa na tasha suka daina tarar da shi yana barci. Ni bai sake tayar mini da zancen tafiyar ba ko sau ɗaya. Sai dai na taɓa jin yana ba su labarin a zaure, kuma a nasa labarin sukuwa ya yi har bakin ruwa, ni kuma ina bin sa a guje ina kuka. Ban shiga na gyara ba. Ya ƙara wasu shekaru, sannan wani ciwo daban ya ɗauke shi. Allah ya jiƙansa.

Har yau in na tuna ba na cewa na yi daidai. Da goɗiyar nan ta ƙara zamewa kaɗan, da wani labarin nake ba ku, kuma da a cikinsa ni ne sakaran da ya ɗora mai shanyewar jiki kan doki. Tsorona ba na banza ba ne. Abin da na lura da shi dai shi ne, duk watannin da na yi ina kula da shi, ina awo, ina ƙirga ƙwayoyi, ban taɓa tambayarsa mi yake so ba. Na san abin da ya kamata ya ci da lokacin da ya kamata ya kwanta. Mutum in ya fara jinyar iyayensa, a hankali yake zama mai gadi, kuma ba ya jin lokacin da abin ke faruwa, don duk cikin ƙauna ne.

Yanzu Inna na wurina. Gwiwoyinta sun gama aiki, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ta huta. Kwanan baya ta ce tana son zuwa kasuwa ta zaɓi daddawa da kanta, wai wadda ake sayo mata ba ta da rai. Matata ta dube ni, na dube ta. Ranar kasuwa ce, ga cunkoso, ga rana, ga 'yan babur. Dalilan hanawa sun riga sun jeru a bakina.

Na ce wa Inna a wace rumfa. Ta ce in mun je za ta gane. Na sa kujerar roba a bayan mota, na je na ɗauko mata takalmi.